Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin 'yan kasuwa da masu masana'antu na Kano, a kan tsofaffin sojojin da kuke ajiyewa a bakin get

Assalamu alaikum warahmatullah.

Iyayenmu kuma shugabanninmu na Kantin Kwari, Singa, Sabon Gari da Dawanau, da alhazan da ke da kamfanoni a Sharada, Challawa da Bompai, da shugabannin KACCIMA, cibiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kano, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a nema.

Ni tsohon soja ne, na ajiye kaki ina samanja, yanzu ina kula da sito da motocin wani kamfanin rarraba kaya a nan cikin Kano. Na ga bariki na ga kasuwa, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana a kan abin da zan faɗa, kuma da girmamawa nake faɗarsa don yawancinku kun girme ni, kun kuma fi ni sanin kasuwa nesa ba kusa ba.

Duk shekara akwai sojojin da ke barin aiki, wasu sun cika shekara 35 ɗinsu, wasu su suka nemi sallama da kansu. Kafin a sallame su ana kai da yawa daga cikinsu cibiyar sojoji da ke Oshodi a Legas su yi wata shida suna koyon sana'a, walda, kiwon kaji, ɗinki, gyaran mota da makamantansu. To amma in mutum ya dawo gida, kafin garatuti ya fito an ci rabinsa a bashi, sauran kuma ga kuɗin makarantar yara ga ginin da ba a ƙarasa ba, sai ka ga jarin sana'ar ya gagara, dole ya fito neman aiki. Wajenku yake zuwa. Kuma da zarar ya buɗe baki ya ce shi tsohon soja ne, maganar da yake ji ɗaya ce, "yauwa baba, dama muna neman maigadi." A ba shi kujerar roba da tocila da usur, albashin ma a wurare da dama bai kai Naira 70,000 ɗin da gwamnatin tarayya ta sa a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024 ba.

Gadi sana'a ce, halak ce, ba na raina ta. Abin da ke damuna shi ne wannan dattijon da ke buɗe muku ƙofa wataƙila ya riƙe mutum talatin a daji wata da watanni, abincinsu da ruwansu da maganinsu da harsashinsu da rigingimunsu na gida duk a kansa, a Laberiya ko Saliyo zamanin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, ko Darfur, ko Sambisa. A cikin ofis kuma kuna ta kuka cewa ba ku da wanda za ku bar wa amanar ma'aikata goma ku yi tafiyar sati guda hankali kwance. Mutumin da kuke nema yana zaune a waje cikin rana.

Na san dalilin da ya sa ba ku kallonsa haka. Farar hula in aka ce shugabancin soja abin da yake gani shi ne tsawa, bulala, tsallen kwaɗo, da a ce yi kaza ba tambaya. Ba laifinku ba ne, abin da mulkin soja ya nuna wa ƙasar nan ke nan daga 1966 zuwa 1979, da kuma daga ƙarshen 1983 zuwa 1999. Waɗanda suka ga yaƙi da rashin ɗa'a na 1984 suna tuna yadda mutane suka koyi bin layi a tasha saboda ga soja tsaye da dorina, suna kuma tuna yadda layin ya watse da aka ɗauke dorinar. Marigayi Janar Murtala, Allah ya jiƙansa, mutum ne da Kano ba za ta manta da shi ba kuma niyyarsa ta gyara ce, amma korar ma'aikata sama da 10,000 da aka yi a 1975 a gaggauce ta haɗa da masu laifi da marasa laifi, kuma a ganina tun daga lokacin ma'aikacin gwamnati ya fara tunanin kujerarsa ba ta da tabbas gara ya tanadi na gobe tun yau. Wannan salon ni kaina ba na so ku kawo shi kasuwa. Yaron shago ba kurtu ba ne. Kurtu ya sa hannu, in ya gudu za a nemo shi a hukunta shi. Yaron shagonka in ka ci mutuncinsa gaban mutane gobe ba za ka gan shi ba, jibi kuma ya kama rumfa a layin da ke bayanka da lambobin kwastomominka duka a wayarsa.

Abin da soja ya iya wanda kasuwarmu ke matuƙar buƙata wani abu ne daban, kuma ba a ganinsa daga waje, sai wanda ya zauna a ciki.

Babbansu shi ne maganar mataimaki. A soja babu wani muƙami, tun daga kofur mai riƙe da mutum kamar goma har kwamandan bataliya mai ɗaruruwa, da ba a san wanda zai karɓa ba in mai shi ya faɗi. Tun a Depot na Zariya, inda ake horar da kurata, ake cusa wa mutum wannan, cewa dole ka san aikin wanda ke samanka, dole kuma ka koya wa na ƙasa da kai naka. Kafin a fita aiki kwamanda zai tara mutane ya faɗi inda za a, abin da za a yi, da wanda zai ja ragama in shi ya samu matsala, da wanda zai karɓa in shi ma wancan ya faɗi. Ba wanda ke ɗaukar wannan a matsayin fatan mutuwa ga oga. Mu musulmi ma ba sai mun je nesa ba, a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) da ya tura runduna ya naɗa Zaidu ɗan Harisa, ya ce in an kashe shi Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karɓa, in an kashe shi Abdullahi ɗan Rawaha ya karɓa. Dukkansu ukun suka yi shahada a wannan yaƙin, Khalid ɗan Walid ya ɗauki tuta ya fito da rundunar. Sunaye uku a jere tun kafin a bar Madina.

Yanzu ku dubi yadda muke a kasuwa, don Allah. Alhaji shi ne mai saye, shi ne mai sa farashi, shi kaɗai ya san wa ake bi bashi da wa ke binsa, shi ya san dilan da ke Guangzhou da ejan ɗin da ke fito da kwantena a Apapa, lambar sirrin banki a kansa, mukullin sito a aljihunsa, wata yarjejeniyar ta miliyoyi ma ba a rubuce take ba, tsakaninsa da abokinsa ne a mota bayan sallar Juma'a. Babban yaronsa ya yi shekara ashirin tare da shi amma bai taɓa ganin littafin lissafi ba, 'ya'yansa kuma an tura su karatu waje ba su san ƙofar shagon ba. Ranar da ciwo ya kwantar da shi, ko Allah ya yi masa rasuwa, kafin a yi arba'in masu bin bashi sun zo da takardu, waɗanda ake bi kuwa sun yi shiru, a zo rabon gado a sayar da shaguna da motoci kowa ya kama gabansa, ma'aikata hamsin ko ɗari su koma gida. Kowannenku zai iya lissafo gidaje irin wannan da yatsunsa har yatsun su ƙare, ba sai na ambaci suna ba. Na san akwai matsalar wuta da kayan waje da suka durƙusar da masana'antu da yawa a Sharada da Bompai, wannan gaskiya ne, amma akwai waɗanda ba wuta ce ta kashe su ba, rasuwar mutum ɗaya ce. Gidan Alhassan Dantata da ya rasu a 1955 har yau ana cin moriyarsa, dalili kuwa ya sa 'ya'yansa cikin harkar tun yana raye, sun san kan ciniki kafin ya bar duniya. Me ya sa irin wannan gidan ya zama abin nunawa da yatsa a garin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana fatauci?

Tsohon sajan in ka ba shi sashe ya riƙe, ba sai ka ce masa komai ba, cikin wata guda za ka ga ya fitar da wanda zai tsaya masa in ba ya nan, ya rubuta abin da ke hannunsa a littafi, kuma ranar da zai bar wurin zai kawo maka takardar miƙa aiki, kaya kaza, bashi kaza, mota kaza na gareji saboda kaza. Jikinsa ne ya saba, don a bariki ba a barin ka tafi sai wanda ya gaje ka ya ƙirga komai ya sa hannu.

Sai maganar kula da mutane, wadda ita ce ta fi ba farar hula mamaki in na faɗa. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce in abinci ya zo a fagen aiki ƙananan sojoji ke fara ɗiba, sai kofur da sajan, hafsa ne na ƙarshe, in bai isa ba shi zai kwana da yunwa. Bayan doguwar tafiya a ƙasa shugaba na ƙwarai ba ya zama sai ya bi mutanensa ya ga ƙafafunsu, wa ya yi kanta wa ya yi ƙuje. Sajan ya san wanda matarsa ke da tsohon ciki, ya san wanda mahaifiyarsa ke asibiti, ya san wanda ya yi shiru kwana biyu ba ya cin abinci. Ba kowane hafsa ke bin wannan ba, ba zan yi muku ƙarya ba, amma kowane soja ya san bambancin wanda ke bi da wanda ba ya bi, kuma ranar wuya ake ganin sakamakon. A watan Mayun 2014 a barikin Maimalari da ke Maiduguri, bayan an kawo gawarwakin 'yan uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna, wasu sojoji sun buɗe wa motar babban kwamandansu wuta. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri. Ba ina kare abin da suka yi ba ne, laifi ne babba. Amma ku duba, a wurin da dokar biyayya ta fi ƙarfi a duk ƙasar nan, wurin da ƙin bin oda kan kai mutum ga kisa, da mutane suka ji a ransu an yi wasa da rayukansu biyayyar ta tsinke. To ina ga shago ko masana'anta?

Ina faɗin haka ne don na ga abin da ke faruwa. Wata ya ƙare, a kai goma ga sabon wata ba a biya lebura ba, alhali kowa ya ga sabuwar motar da aka shigo da ita gida. Direba ya yi hatsari a hanya, tambayar farko da ake masa a waya ita ce kayan fa, ba a ce kai fa ba. Yaro ya yi shekara goma yana dako da tsaron shago babu maganar sallama babu jari, ranar da aka kama shi ya ɗaga farashi ya soke na sama sai a ce yaran yanzu ba su da amana. Hadisin biyan ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe duk mun haddace shi tun muna makarantar allo. Amanar nan da ake nema a wajen yara, shugaba ne ke fara bayar da ita.

Akwai kuma yadda ake ba da umarni. Mutane na ɗauka soja ba ya tunani sai abin da aka ce masa, alhali oda mai kyau tana zuwa ne da dalilinta. Kwamanda zai ce ina so a riƙe gadar nan har gobe da safe saboda ayarinmu zai wuce ta kai, yadda za ka riƙe ta kuwa ya rage naka. Amfanin faɗin dalilin shi ne in waya ta katse ko abubuwa suka canza, na ƙasa ya san abin da ake so a cimma, zai iya yanke shawara da kansa. Sojojin Jamus ne suka fi shahara da wannan tsari, sun fara gina shi bayan kashin da Napoleon na Faransa ya ba Prussia, ɗaya daga cikin tsofaffin daulolin Jamus, a 1806, da suka lura hafsoshinsu na tsayawa jiran umarni har dama ta wuce. Mu kuwa tirela ta lalace a Mokwa ko Jebba da tumatir ko albasa a ciki, direba ya san makanike, ya san kuɗin gyaran bai taka kara ya karya ba, amma ba shi da izinin kashe ko sisi sai Alhaji ya ɗaga waya, Alhaji kuma yana cikin jirgi zuwa Umara. Kaya su ruɓe, a dawo a zagi direba. Da an ce masa tun farko abin da nake so shi ne kaya su isa kasuwar Mile 12 ta Legas kafin jibi, kana da ikon kashe har kaza in matsala ta taso, ka kawo rasit, da an huta.

Bayan kowane aiki kuma akwai zaman bita. A zauna a ce me muka shirya yi, me ya faru, me ya jawo bambancin, me za mu gyara. Sojojin Amurka suka mayar da shi ƙa'ida bayan yaƙin Vietnam, daga baya manyan kamfanoni suka ara. Sharaɗinsa ɗaya, ƙaramin ma'aikaci ya iya cewa oga a nan kuskuren daga wajenka ne, kuma gobe ya zo aiki ba a kore shi ba. Wannan zai yi wa wasunku nauyi, na sani, don al'adarmu ba ta saba yaro ya gyara wa babba a gaban mutane ba. Ana iya yinsa cikin ladabi, mutum uku ko huɗu a ofis, ba sai an tara jama'a ba. Abin da ba shi da kyau shi ne a yi asara iri ɗaya sau biyar kowa ya san dalili ba mai iya faɗa.

Ga gobara ma. Wutar da ta ci kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna, bayanta kuma an sha yin wasu a kasuwanninmu. Duk lokacin da aka yi sai a jajanta, a tara gudummawa, a sake gini, a sake cika hanyoyin da motar kashe gobara za ta bi da tebura da kwantenoni. Wace kasuwa ce a Kano take atisayen gobara ko sau ɗaya a shekara, inda kowane layi ya san wa zai kashe wutar lantarki daga babban layi, wa zai buɗe wace ƙofa, wa zai kira 'yan kwana-kwana, ina ruwa yake? Wannan aikin duk tsohon samanja zai tsara muku shi ya kuma sa a maimaita har ya zauna a jikin mutane, don rayuwarsa duka a kan maimaita abu kafin ranarsa ta zo ya yi ta.

Kada ku ɗauka ina cewa duk wanda ya sa kaki ya dace da wannan. A'a. Akwai waɗanda suka dawo da ciwon da ba a gani, abin da idonsu ya gani a daji ya hana su barci, wasu sun faɗa shaye-shaye, waɗannan magani da kulawa suke buƙata kafin komai. Akwai masu zafin rai da ba za su iya da kwastoma ba. Kaki kuma ba ya mayar da mutum gwanin lissafi, a ƙarƙashin gwamnatin soja aka yi odar siminti tan miliyan 20 a 1975, mafi yawansa da sunan ma'aikatar tsaro, jiragen ruwa sama da 400 suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas wata da watanni ana biyansu kuɗin jira. Sannan tsohon soja bai san ciniki ba, bai san yadda ake taya kaya a yi albarka a dawo a daidaita ba, bai san wa ake ba bashi wa ake hanawa cikin fara'a ba, bai san yadda farashin Dawanau ke juyawa tsakanin kaka da bazara ba. Wannan iliminku ne, ku za ku koya masa, shi kuma ya zo da kunnen saurare ya ajiye muƙaminsa a gida. Ina faɗa wa 'yan uwana 'yan mazan jiya wannan duk inda muka haɗu.

Wani zai ce ai ga su Janar T.Y. Danjuma da marigayi Shehu Musa Yar'Adua sun shiga kasuwanci sun yi nasara, harkar jiragen ruwa, mai, banki. Haka ne, amma su manyan hafsoshi ne, sun fita da suna da sanayya, ƙofofi a buɗe suke gare su. Ni maganata a kan kofur ne da sajan da samanja, waɗanda su ne ke riƙe da mutane hannu da hannu kullum, kuma su ne ba wanda ke tunawa da su sai ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, in za a ajiye furanni.

Roƙona gare ku, ranku ya daɗe, ba mai tsada ba ne. In tsohon soja ya zo neman aiki, kafin a nuna masa get a zaunar da shi minti goma a tambaye shi me ya riƙe a soja. Wani sito ya riƙe, ya san ƙirgar kaya da sa hannu kan kowane abu da ya shiga ko ya fita. Wani ayarin motoci ya kula da su, ya san lissafin mai da lokacin juye da canjin taya. Wani ma'aikacin jinya ne, wani makanike, wani sadarwa, wani akawun albashi. A gwada shi wata uku a inda ya dace, a kan albashin da mutum zai iya riƙe iyali da shi, in bai yi ba a sallame shi cikin mutunci. Ƙungiyoyinku kuma su tuntuɓi ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Nigerian Legion da ke jihar nan, a samar da rijista ta waɗanda suka yi ritaya da abin da kowa ya iya, yadda mai neman manajan sito ko mai kula da direbobi zai san inda zai duba. KACCIMA na iya rubuta wa cibiyar Oshodi ta nemi a riƙa sanar da ita 'yan Kano da Jigawa da Katsina da ke cikin kowane rukuni kafin su fito, a kuma ba su wuraren koyon aiki a kamfanoninku.

Ko da ba ku ɗauki ko soja ɗaya ba, ina roƙon kowane mai shago da mai kamfani a cikinku ya zauna cikin wannan watan ya fitar da wanda zai riƙe harkar in ba ya nan, da wanda zai biyo bayan wancan, ya sanar da iyalinsa da manyan yaransa, ya rubuta basussukan da ke kansa da waɗanda yake bi a ajiye a wajen amintattu biyu. Sannan ya yi tafiyar sati biyu ya bar musu wurin ya ga abin da zai tarar. Duk ƙungiyar kasuwar da ke son a zo a zauna da shugabannin layukanta a kan wannan ko a kan atisayen gobara, akwai mu da yawa a garin nan da za mu zo, ba sai an biya mu ba.

Allah ya ƙara wa kasuwanninmu albarka, ya kare su daga gobara da asara.

Naku,
Wani tsohon samanja, Kano.